Koren Shayi a Shagon Aski

Zuwa ga Autata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da sa albarka, ina fatan kina lafiya, ke da abokan aikinki na kantin ganyen shayi. Mu nan lafiya lau, sai kewarki.

Saƙonki ya iso ta hannun direban da kika saba ba wa. Wannan koren shayin naki, Auta, Allah ya yi miki albarka. Ranar da na fara kurɓarsa cewa na yi yarinyar nan ruwan ciyawa ta aiko min, amma yanzu in ban sha ba sai in ji kamar na manta wani abu a gida. Shayin madara da sukari na bar shi gaba ɗaya, kamar yadda kika yi ta yi min naci. Da na koma asibiti likita ya ce sukarina ya sauka, ya tambaye ni me na canza. Na ce masa 'yata ce ta canza ni. Wandon nan nawa mai ruwan toka da ya ƙi rufuwa, yanzu har bel nake sa masa.

Shagon aski kuwa ya koma wajen shan shayi. Kin san murhun da nake dafa ruwan tawul a kai, to na ɗora masa buta ta biyu. Da safe in watsa mata ganye cikin tafin hannu guda, in bar shi yana ta tafasa. In ruwa ya ja baya in ƙara ruwa, in launi ya koɗe in ƙara ganye. Duk wanda ya zauna a kujerata sai na zuba masa, in karanto masa darasin da kika koya min: yana taimakon zuciya, yana rage maiƙo a jini, yana wartsake ƙwaƙwalwa, kuma ba ya sa ƙiba. Sai dai mutanen nan matsorata ne. Babu mai yarda ya sha abu kore mai ɗaci sai ya ga na fara kurɓa, don haka duk wanda na zuba wa, sai na zuba nawa mu sha tare. Tela maƙwabcina ya ce saura in canza allon shago in rubuta asibiti.

Ganyen ya kusa ƙarewa, ki ƙaro min. Ki yi haƙuri da rubutun, biron ne ba shi da kirki. Yayanki da matarsa suna gaishe ki.

Allah ya tsare min ke.
Babanki

*

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kina lafiya.

Na zaɓi in rubuto miki ne saboda dalili biyu. Bangon ɗakina da na Baba ɗaya ne, duk abin da na faɗa a waya yana ji. Sannan ke a waya ba kya barin mutum ya kai ƙarshen magana.

Ranar Asabar Baba ya yanki Hedimasta. Kin san shi, tsohon nan da tun kafin a haife ki yake aski a wajensa. Yana gyara masa gemu aska ta zame ta shiga ƙasan kunne. Tawul fari ya rine jawur. Tela ne ya kira ni, na bar ɗalibata a cikin mota na rugo. Sai da aka yi ɗinki. Hedimasta mutumin kirki ne, ya ce ba komai, amma matarsa ta faɗa min magana a bakin asibiti wadda har yau tana yi min yawo a kai: da ɗan yatsa ɗaya askar ta ƙara sauka, da wani zancen ake yi.

Auta, hannun Baba rawa yake yi. Na tsaya a ƙofar shago na kalle shi ba tare da ya sani ba. In ya ɗaga almakashi sai ka ji bakinsa yana ƙaf-ƙaf tun bai taɓa gashi ba. Da na yi masa magana ya ce fanka ce ke kaɗa shi.

Ni koyar da tuƙi nake yi. Na san lokacin da ake karɓe wa mutum sitiyari, kuma ban taɓa ganin wanda ya miƙa shi da son ransa ba. Tsufa ya zo wa Baba, ba abin kunya ba ne. Na yanke shawarar a rufe shagon. Akwai wani abokina mai gyaran waya da ke neman wuri, na yi masa alkawarin makulli ƙarshen wata. Ba shawararki nake nema ba, sanar da ke nake yi, don kada ki ji a bakin wani.

Ki huta lafiya.
Yayanki

*

Zuwa ga Yaya,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ka, ina gaishe da Anti. Allah ya ba Hedimasta lafiya, ka isar min da jajena.

Yanzu kuma ka saurare ni, tunda ka ce ba na bari a kai ƙarshen magana, ga takarda nan, ba mai katse wani. Yaya, ka ji tsoron Allah! Mutumin da ya yi rayuwarsa da aska a hannu, yanka ɗaya tak, sai ka ce a rufe masa shago? Kai motoci nawa ɗalibanka suka goga wa bango, wa ya karɓe maka lasisi?

Ka san abin da shagon nan yake a wajen Baba. Tun rasuwar Mama, shi ne abin da ke tashinsa da safe ya sa riga. A can yake dariya, a can yake musu, a can yake jin duniya ba ta manta da shi ba. Ka zaunar da shi a falo yana kallon Anti tana shara, wallahi wata biyu ba zai yi ba za ka ga ya zube. Tsoro nake ji, Yaya, kuma haushinka nake ji.

Tsufa kake cewa? Baba ya fi ka lafiya. Sukarinsa ya sauka, tumbinsa ya tafi, duk albarkacin koren shayin da kake yi wa kallon banza. A nan kantin kullum sai mun yi wa masu saye bayani: ganye ne da ba a bari ya yi baƙi ba, don haka sinadaran da ke kare jiki daga lalacewa suna nan a cikinsa. Ba maiƙo, ba sukari, sai amfani. Da za ka bar lemon kwalbar da kake ɗurawa a mota ka koma masa, da ka fi haka sanyin rai.

Gajiya ce kawai ke damunsa. Ga babban ƙunshi nan na haɗo da takardar, ka ba shi, zai ƙara masa kuzari. Maganar makulli kuma ka janye ta, don Allah.

Ƙanwarka da ba ta yafe maka ba tukuna,
Auta

*

Zuwa ga Auta,

Salam. Takardarki ta zo, ƙunshin ma na ba shi, har sumbatarsa ya yi ya kai shago.

Kin ce gajiya ce. Na yarda, kuma a nan gardamarmu ta ƙare, don abin da nake faɗa ke nan. Na zuba masa ido. Ranar Litinin da ba ya buɗewa, hannunsa ƙalau, har zare ya zura wa matata a allura. Ranar da mutane suka yi yawa, kafin la'asar kofi ma sai ya riƙe da hannu biyu. Asabar ta fi kowace rana muni. In ya dawo ba ya iya barci, ga yawan zagayawa banɗaki, ga faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Shekaranjiya na tarar da shi ya dafe ƙirji, ya ce zuciyarsa ke gudu kamar wanda aka biyo. Ke kina can nesa, ni ne nake ganin wannan da idona.

Don kada ki ce na yi gaggawa, na yi gwaji. Na kulle shagon na sa makulli a aljihuna, na kwashe asake na adana su a ɗakina. Kwanakin farko ya yi ta fama da ciwon kai, yana kwance ba ya kula kowa. Daga baya ya warware. Yanzu barci yake yi har da minshari, hannun kuma ko motsi. Me kike so in ƙara gani? Aiki ne ke kashe shi, hutu ne maganinsa.

Sai dai ya daina yi min magana. In na gaishe shi sai ya amsa wa bango. Abin yana ci min rai, amma gara ya yi fushi da ni yana raye, kuma ba a ɗaure shi saboda wuyan wani ba. Mai gyaran waya ya zo ya auna wurin, zai cire madubin ya kafa kanta.

Ki daina ganina kamar mugu.
Yayanki

*

Zuwa ga Autata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya. Ni dai ga ni nan, ana cewa ina hutawa.

Yayanki ya mai da ni kayan ado. Da safe a ba ni abinci, in zauna a kujerar falo, in bi rana da ido tana tafiya a kan labule har ta faɗi. Jiya na leƙa titin shagon daga nesa, na ga wani yaro da tef yana auna madubina. Madubin nan mamarki ce ta zaɓa. Na juyo ban ƙarasa ba, don kada Tela ya ga idona.

Ban musa ba, na yanki Hedimasta, kuma abin bai bar raina ba. Mutumin da ya ba ni wuyansa ya rufe ido. Amma Auta, ni na san jikina. Wannan rawar ba daga ƙashi take fitowa ba, zuwa take yi kamar baƙuwa ta tafi. Ga shi yau hannuna tsaye yake cak, amma ba kan da zan ɗora shi. Yayanki ya ce hutu ne ya gyara shi. To in sai na daina aski hannuna zai iya aski, ina amfaninsa?

Ko ganyenki ban samu na sha ba tun da aka rufe. Butar da ƙunshin duk suna shago a kulle, na kuma rantse ba zan roƙe shi makullin shagona ba. Da ina sha, da wataƙila ban yi wannan laushin ba.

Nauyinki Yayanki yake ji, ko da ba ya nunawa. Ki yi masa magana. Wata ya kusa ƙarewa.

Allah ya yi miki albarka.
Babanki

*

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Don girman Allah kada ka ba da makullin nan sai ka karanta wannan har ƙarshe.

Baba ya rubuto min cewa tun da ka kulle shago bai sha koren shayi ba, saboda butar tana ciki. Ina karantawa na ji kamar an watsa min ruwan sanyi. Yaya, ba aiki kaɗai ka raba shi da shi ba, har da butar. Ranar Litinin ma ba ya kusa da ita.

Ka tambayi Tela yadda Baba yake sha. Duk wanda ya zauna a kujera sai ya zuba masa, kuma sai ya zuba nasa sun sha tare, don ba sa yarda su sha su kaɗai. Wanda aka yi wa aski ya sha kofi ɗaya ya tafi, Baba kuwa ya sha da wannan, ya sha da na bayansa, har a tashi. Ranar da mutane suka fi yawa, ranar ya fi sha. Shi ya sa Asabar ta fi muni. Kuma tafasa shi yake yi tun safe yana ƙara ganye, alhali ruwan zafi kawai ake zuba masa, a bar shi ɗan lokaci a tace. Koren shayi yana da sinadarin nan mai hana barci irin na gahawa. Kofi biyu ko uku ya wartsake mutum, amma in ya yi yawa sai rawar hannu, bugun zuciya, rashin barci da saurin fushi. Wanda ya saba kuma in ya bari lokaci guda, sai ciwon kai na 'yan kwanaki. Ka duba takardarka, duk kai ka lissafo min su.

Ya faɗa min yadda yake yi tun farko, na karanta ina dariya, ina jin daɗi wai ubana ya zama mai tallan kantinmu. Na cika masa kunne da amfani ban faɗa masa iyaka ba, sannan da ka kawo kuka na ƙara aiko da babban ƙunshi. Kunya ta ishe ni.

Ban ce tabbas shi ne ba, ni ba likita ba ce. Ka kai shi asibiti, ka faɗi yawan abin da yake sha, ka kuma tambaya ko yana karo da magungunansa. Sannan ka buɗe masa shago ranar Asabar, ya yi aiki sosai, amma kofi biyu kawai, ba na butar da ta wuni a wuta ba. In hannun ya yi rawa duk da haka, ni da kaina zan lallashe shi ya bari. Wannan alkawari ne.

Ka yafe min maganganun da na yaɓa maka.
Ƙanwarka Auta

*

Zuwa ga Auta,

Wa alaikumus salam. Na karanta, na sake karantawa, sannan na je wajen Tela. Ya ce ai butar nan ba ta sauka daga wuta, kuma Baba ya fi kowa ɗaga kofi a titin.

Mun je asibiti. Da likita ya ji yadda ake dafawa da yadda ake sha, sai ya ajiye biro ya kalli Baba. Ya ce koren shayi abu ne mai kyau, ya ci gaba da sha, amma abin sha ne, ba magani ba, kuma ba ruwan randa ba. Ya ce kofi biyu ya ishe shi, kada ya sha da yamma, kada ya haɗa da abinci don yana rage wa jiki cin moriyar sinadarin ƙarin jini. Amma bai ba mu tabbas ba. Ya ce mai shekarun Baba yana iya samun 'yar rawar hannu ta kansa, shayin ya zo ya tsananta ta. Sai an gwada a gani.

To a wuyan wa za a gwada? Nan na tsaya. Ba zan saka ɗan kowa a ƙarƙashin askar nan ba, kuma tun abin Hedimasta babu mai neman gyaran gemu. Tela ya yi alkawarin tattaro tsofaffin abokan Baba ranar Asabar, ya yi musu aski da inji tun safe, yadda zai gaji kamar kullum. In yamma ta yi, ni zan zauna. Na bar gemuna ya tofo, matata tana ta tsiya wai na koma kamar ɓarawon da ya tsere.

Na faɗa wa Baba sharaɗi a gaban Tela: ɗigon jini ɗaya, makulli ya tafi wajen mai gyaran waya. Sai ya miƙo hannu na ba shi asakensa. Tun jiya yake wasa su a fata, ina jin sautin ta bango.

Rabona da zama a kujerar nan tun ina ɗan makaranta, lokacin da na ce askinsa tsohon yayi ne na koma wani shagon. Bai taɓa yi min maganar ba. Ba zan ɓoye miki ba, Auta, tsoro nake ji. Ban san wanne ya fi ba ni tsoro ba, ya yanke ni, ko in ga fuskarsa a madubi bayan ya yanke ni.

Ki yi mana addu'a.
Yayanki

*

Zuwa ga Autata,

Assalamu alaikum. A shago nake rubuto miki.

Kofi biyu na sha, sauran mutane kowa ya sha nasa shi kaɗai, Tela ne ɗan sandan buta. Da yamma Yayanki ya zauna, ya rufe ido kamar mai jiran allura. Na shafa kumfa, na ɗora aska. A ƙasan kunne na ɗan tsaya, sannan na wuce.

Da na gama na goge shi da farin tawul, na buɗe tawul ɗin a gabansa. Fari tas. Ya sa hannu a aljihu ya ciro makulli zai miƙo min, sai makullin ya faɗi ƙasa. Hannunsa ne ke rawa, Auta. Na ce masa ya rage shan shayi. Ya yi dariya, sannan ya kifa kansa a kafaɗata, da ƙyar na raba shi da rigata.

Hedimasta ya aiko cewa zai zo jibi.

In za ki aiko da ganye, ƙaramin ƙunshi ya isa.

Allah ya yi muku albarka ku duka.
Babanki